Tankar Ruwa a Bakin Ƙofa

Malama Hajara ba ta yi niyyar daɗewa a shagon ba. Ana tashi daga makarantar 'yan matan da take koyar da Fiziks a Tarauni, ta tari adaidaita zuwa Gyadi-Gyadi, don kawai ta gwada rigar da za ta sa a bikin ƙanwar mijinta, in da gyara a yi tun da wuri.

Shagon na Nkemdilim ne, wadda duk layin ke kira Maman Obi. A Kano aka haife ta, a nan ta yi aure, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Kwantenar ƙarfe ce ta mayar shagon ɗinki. Bayanta na kusa da katangar wani gida, a dama an manna mata wata kwantenar ta mai sayar da fenti, a hagu kuma 'yar taga ce mai sandunan ƙarfe, tana kallon wani siririn lungu. Ƙofar ɗaya ce, mai murfi biyu, waje take buɗewa. A gabanta lambatu ne da aka rufe da falalen siminti.

Bazara ce, rana ta take, kuma tun safe babu wuta.

"Malama, kin ƙara jiki fa," in ji Maman Obi tana dariya, tef rataye a wuyanta. "Cire hijabin mu gani. Bari in jawo ƙofa, masu facin can idonsu ba ya hutawa."

Ta jawo murafen biyu, ta bar ɗan tsagi don haske. Hajara ta sa rigar. Maman Obi ta durƙusa tana kama gefe da allurai, wasu a bakinta.

Sai suka ji ihu daga waje.

"Mota! Mota! Ku kauce!"

Abin da ya biyo baya bai yi kama da karo ba. Wani dogon nishi ƙarfe ya yi. Ƙofar ta lotso ciki a hankali kamar ana danna kwano da ƙafa, daɓen ya motsa a ƙarƙashinsu, kwantenar duka ta ja baya har ta dangana da katanga ta tsaya. Zarurruka suka zubo daga kantar kaya. Tsagin hasken ya rufe.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Yesu! Malama, kina nan?"

"Ina nan. Ke fa?"

"Lafiyata ƙalau. Mene ne wannan?"

Suka lallaɓa zuwa tagar. Fuskoki sun riga sun cika lungun, kowa na magana. Daga bakin wani dattijo mai sayar da lemo suka fahimci abin da ya faru. Tankar ruwa ce, cike maƙil, aka tsayar a saman layin inda ƙasa ta ɗan yi tudu, ana jiran a buɗe mata ƙofar wani gida da ake gini. Direban, Ɗan'azumi, ya tokare tayar da dutse ya tafi alwala. Dutsen ya zame, birkin bai riƙe ba, ta gangaro da baya. Da ta iso, tayar bayanta ɗaya ta fasa murfin lambatu ta faɗa ciki, gindin tankar kuma ya zauna daram a jikin ƙofarsu.

"Wallahi Hajiya ba gudu take ba," in ji dattijon, yana ta mamaki. "Tafiyar hawainiya. Ko ni da sandata na wuce ta. Amma dubi abin da ta yi wa ƙarfe."

Hajara ba ta yi mamaki ba. Shekara da shekaru tana rubuta wa yara a allo cewa ƙarfin abin da ke tafiya daga abu biyu yake fitowa, nauyinsa da gudunsa. Ba ta taɓa zaton za ta tsaya a bayan ƙofar da nauyin ya danne ba.

Ɗan'azumi ya shiga motar ya tayar. Suka ji injin na kuka, tayar na juyawa a banza cikin caɓin lambatu, hayaƙi baƙi ya shigo musu ta ƙarƙashin ƙofa. Maman Obi ta hau tari.

"Ku ce ya kashe! Zai kashe mu da hayaƙi!"

Aka kashe. Samari suka taru, suka sa kafaɗa, aka yi ta "ɗaya, biyu, uku". Tankar ko gezau. Wani ya ce a kira mai walda ya yanka gefen kwantenar. Mai waldan ya zo ya leƙa ta taga, ya ga atamfofi da leshi jibge har rufi, ya girgiza kai. Ya ce ko da an samo janareta, tartsatsi ɗaya ya isa, kuma lungun ba ya ɗaukar mutum da na'ura. An kira masu motar janwe, suka ce suna wani aikin a bayan gari, in sun gama ga su nan.

Hajara ta kira mijinta, Malam Lawan. Yana Wudil. Ta ji muryarsa ta canja, ta ji yana neman makullin mota. Ta ce masa kada ya yi gudu, ta kashe wayar, don ta ga batirin ya yi ja.

Daga nan sai jira. Rufin ƙarfen ya sha rana tun hantsi, yanzu yana sauke musu ita a ka. Iskar da ke shigowa ta tagar ba ta kai ta hura kyandir ba, ga kawunan mutane sun tare ta. Hajara ta roƙe su su matsa, suka matsa, wasu sababbi suka maye gurbinsu. Aka miƙo musu ruwan leda ta tsakanin sanduna. Suka sha, suka zuba a ka, nan da nan ya zama gumi. Tsawon shagon taku biyar ne a da. Yanzu ƙofar ta cinye ɗaya, teburin yanka da keken ɗinki sun cinye sauran. Duk inda Hajara ta juya, ƙarfe mai zafi ne ko tulin yadi. Alluran da ke jikin rigar suna sukarta a haƙarƙari, ta kasa samun wurin da za ta ɗaga hannu ta cire ta.

"Kin sha maganin hawan jininki yau?" ta tambaya, don ta ga Maman Obi ta zauna a ƙasa tana dafe ƙeya.

"Yana gida. Na ce sai dare."

Ana haka mijin Maman Obi ya iso daga shagonsa na kayan gyaran mota. Udochukwu sunansa, ana ce masa Oga Udo, mutum ne mai jiki da babbar murya. Ya tura mutane gefe ya kama sandunan tagar kamar zai tumɓuke su. Ya yi wa matarsa magana da yarensu, ta amsa a gajarce. Sai ya juya ya fita da gudu. Ba a jima ba suka ji rurin wata babbar mota. Ya tare wata tifa da ta sauke yashi a wurin ginin, ya roƙi direbanta, wani saurayi mai suna Sulaiman. Aka samo sarƙa, aka ɗaura gaban tankar da bayan tifar.

Daga ciki ba sa ganin komai, kunne kawai suke bi. Suka ji tifar ta ja, sarƙa ta miƙe, injin ya yi gurnani, ba abin da ya motsa. Sai muryar Oga Udo: "Dawo baya! Ka saki sarƙar, ka taho da gudu ka fizge ta!"

Hajara ta buɗe baki za ta yi magana, ƙarar injin ta danne ta.

Sarƙar ta yi wani irin tsawa. Ƙofar ta saki, haske ya faɗo ciki kamar faɗin tafin hannu, mutane suka ɗauki kabbara. Tayar ta hau leɓen lambatun, ta tsaya cak kamar mai shawara. Sai suka ji ruwan cikin tankar ya kwaso gaba ɗaya ya dawo baya, tayar ta sulluɓe, tankar ta koma mazauninta da duk nauyinta.

Wannan karon ƙara ce ta gaske. Ƙofar ta ƙara shigowa kamu guda, ta ture teburin keken ɗinki, teburin ya kife. Maman Obi ta ƙwalla ƙara.

Hajara ta haska fitilar waya. Ƙafar teburin ta ƙarfe ta danne wa Maman Obi idon sawu, ɗaya gefen teburin kuma ƙofa ta tokare shi. Ta kama ta ja da iya ƙarfinta. Kamar ta ja katanga.

"Bari, Malama, bari! Kina ƙara min!"

A waje Oga Udo ya ji kukan matarsa, hankalinsa ya gama tashi. "Saura kaɗan ta fita! Sulaiman, koma baya sosai. A ƙara tsawon sarƙa. Wannan karon ka ninka gudun!"

Hajara ta taka tulin atamfa ta manna fuskarta a sandunan taga. Ba ta san tana da irin wannan muryar ba.

"Kada ya ja! Ku tsayar da shi! Ku kira min direban nan!"

Dattijo mai lemo ne ya ji ta, ya je ya tsaya a gaban tifar ya ɗaga hannu. Sulaiman ya sauko ya shigo lungun, Oga Udo na biye da shi yana huci.

"Malam Sulaiman, ɗazu da wane gudu ka fizga?"

"Kaɗan ne, Hajiya. Yanzu zan ninka, in sha Allahu sau ɗaya za ta fita."

"In ka ninka gudu, ƙarfin ba biyu zai zama ba, huɗu zai zama. In ka yi uku, tara. Haka abin yake, gudu sau gudu ne. Ƙarfin nan kuwa ba ya ɓacewa, sai ya sauka a kan wani abu. In bai fitar da ita ba, ko ya tsinka sarƙa ta yi kan mutanen nan, ko ya ɗaga tankar sama da ɗazu ta dawo kanmu. Ka ga inda ƙofa ta zo. Babu sauran wurin da za mu matsa."

"Malama," in ji Oga Udo, "matata ce a ciki. Yanzu ba lokacin aji ba ne."

"Ni ma a ciki nake, Oga."

Sulaiman ya share gumi da hularsa. "To yaya za a yi? In na ja a hankali ba ta motsi."

"Saboda nauyinta ne. Rabin nauyin nan ko fiye ruwa ne. A zubar da shi. In ta zama fanko, ka miƙar da sarƙa ka ja a hankali, ko ta zame ta dawo, ba za ta dawo da abin da ta dawo da shi ɗazu ba."

Aka nemo Ɗan'azumi. Tun da abin ya faru yake raɓe a gefe, ba mai kula shi sai masu zagi. Ya zo bakin taga kansa a ƙasa.

"Hajiya, famfon a baya yake. Yana jikin ƙofarku, bakinsa ma ya shige ta inda ta lotse. Zan iya shiga ƙarƙashi in murɗa, amma ruwan ciki zai yi. Ta sama kuma sai dai a zuƙa da tiyo, wannan sai magariba ba a gama ba."

Hajara ta juya ta dubi Maman Obi. A hasken wayar fuskarta ta yi toka-toka, numfashinta gajere. Ta dubi kayan da ke kewaye da su: ɗinkin biki, ɗinkin suna, kayan mawaƙan coci, duk na mutane, amana.

"Na ji," in ji Maman Obi, ba tare da an tambaye ta ba. "Ba zan kai magariba a nan ba. Su buɗe." Ta ɗaga murya ta faɗa wa mijinta wata magana da yarensu. Ko me ta ce, Oga Udo ya saki sandunan tagar ya juya.

"A cire wayar wutar shagon tukuna," in ji Hajara. "Kada a kawo wuta muna cikin ruwa."

Aka cire. Ta shiga kwashe kaya tana cusawa a kantar sama, Maman Obi na nuna mata daga ƙasa: "Wancan farin leshin, na amarya ne. Shaddar can. A'a, bar wannan, nawa ne." Kantar ta cika tun ba a kwashe rabi ba. Wasu ta tura ta taga, hannaye suka karɓa. A saman tankar kuma an zura tiyo biyu, matan layin suka fito da bokitai da robobi suna tara.

Sai Ɗan'azumi ya murɗa famfon.

Ruwan ya shigo da ƙarfi ta lotsin ƙofar, ya daki teburin ya watsu. Da farko rahama ne. Sanyinsa ya ratsa ƙafafun Hajara har ta ji hawaye ya zo mata. Maman Obi ta ɗiba da hannu tana zubawa a fuska tana cewa, "Na gode, na gode."

Amma ruwan bai fita ba. Hajara ta ɗauka zai koma ta ƙarƙashin ƙofa ya bi lambatu. Ba ta lura ba cewa turin da tankar ta yi ya ɗaga gaban kwantenar, ta karkata baya, inda suke. Ya rufe idon sawu. Ya kai ƙwauri. Maman Obi da ke zaune a daɓe, ƙafa a danne, ya kai mata ƙugu, yana hawa. Ƙyallaye da ƙwaryar zare suka taso suna yawo a kansa. Fitilar wayar ta mutu.

Wani tsoro ya kama Hajara wanda ya fi na ɗazu, don wannan da bakinta ta jawo shi. Ta durƙusa a bayan Maman Obi ta tallafo ta ta hammata, ta jingina ta a ƙirjinta.

"Ku rufe! Ruwa ba ya fita! Ku rufe famfon!"

Ƙarar ruwan a jikin ƙarfe ta hana a ji ta. Ba ta iya sakin matar ta je taga.

"Malama," in ji Maman Obi a hankali, "in wani abu ya faru, Obi yana makarantar kwana. Kada a faɗa masa a waya."

"Ba abin da zai faru. Ke za ki je ki ɗauko shi da ƙafarki."

"Da wace ƙafar?"

Suka yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗi. Ruwan ya kai wa Maman Obi ƙirji. Tana addu'arta, Hajara na tata, kowacce da harshenta, bakinsu kusa da kunnen juna.

Oga Udo ne ya leƙo ta taga ya ga abin da ake ciki. Bai tsaya neman a rufe famfo ba. Ya fizgi diga daga hannun wani lebura, ya tsaya a lungun da ko juyawa ba ya iya yi sosai, ya shiga saran gindin kwantenar ta can baya inda tsatsa ta ci. Kowane sara sai ya amsa a cikin kan Hajara. A na farko ƙarfen ya lotsa. Ya ci gaba. Can sai ga ɗigon haske a ƙarƙashin ruwa, sai wani, sai ya haɗa su ya yage. Ruwan ya sami hanya ya bi lungu.

Ruwan da ke ciki ya tsaya a ƙirjin Maman Obi na wani lokaci, kamar ba zai sauka ba. Sannan ya fara ja da baya.

Ba su san iya lokacin da tankar ta ɗauka tana zubarwa ba. Sun dai ji ƙarar ruwan ta koma tsiyaya, suka ji an buga cikin tankar ta amsa kamar ganga. Aka jera katakai da duwatsu a gaban tayar cikin lambatu. Sulaiman ya matsa gaba sannu a hankali har sarƙar ta miƙe tsaf, ya zo taga da kansa ya ce, "Hajiya, zan ja. Ba fizga." Ta ce, "Bismillah."

Injin ya ɗauki nishi. Ƙofar ta yi ƙara. Hajara ta rufe ido ta ƙanƙame matar da ke jikinta, tana jiran dawowar. Tayar ta kama katako, ta zame kaɗan, tankar ta taɓa ƙofar, taɓawa kawai, kamar an jingina buhu. Sulaiman bai saki ba. Ta sake kamawa, ta hau, ta fita.

Sai da aka sa dogayen ƙarfuna aka ɓanɓare murafen, don sun riga sun cije. Maza huɗu suka ɗaga teburin. Oga Udo ya sunkuci matarsa kamar jaririya ya yi bakin titi da ita, asibitin koyarwa ba nisa. Wata mata da Hajara ba ta sani ba ta cire mayafinta ta lulluɓa mata, ta zaunar da ita a kan bencin masu faci, tana zare mata allurai daga jikin rigar ɗaya bayan ɗaya. A nan Malam Lawan ya same ta. Ya yi ta tambaya, ta kasa ba shi labari, sai kallon sararin sama take.

Ƙashi biyu ne suka karye a ƙafar Maman Obi, jininta kuma ya hau sosai, aka kwantar da ita. Kayan da ruwa ya taɓa wasu sun bushe lafiya, wasu rini ya zuba ya ɓata su. Yawancin masu kayan sun ce Allah ya kiyaye gaba. Kwantenar kuwa ba ta sake moruwa ba, 'yan gwangwan suka yanka ta suka kwashe.

Hajara ta koma aiki bayan 'yan kwanaki, amma ta daɗe ba ta yarda a rufe ƙofar aji, ko ana hayaniya a baranda.

Ranar da ta je dubiya da kwanon farfesu, ta tarar da Ɗan'azumi a tsaye a bakin ɗakin marasa lafiya, riƙe da ledar lemo da ayaba. Mai tankar ya sallame shi. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce tun hantsi yake nan, ya kasa shiga, ya kasa tafiya. Hajara ta gaishe shi, ta shiga ta faɗa musu.

Oga Udo ya ɗaure fuska, ya ce ba ya son ganinsa. Maman Obi, ƙafarta a naɗe an ɗora a kan filo, ta ce, "Mutumin nan ya kwanta a ƙarƙashin mota cikin caɓi ya buɗe mana famfo. Ka bar shi ya shigo, tsayuwar ta isa."

Oga Udo ya tashi, ya ɗauki kujerar da yake kai, ya ajiye ta a gefen gadon, ya fita ya kira shi.